Faifai ya yanku, fomatin ya ƙi: girka Debian da filashin da babu kayan aiki a cikinsa

Kwamfutar tebur ce mai faifai biyu. Ɗaya sabon NVMe ne, wato faifai mai sauri da ba ya juyawa, mai gigabait 256, shi za a zuba wa Debian 12. Ɗayan tsohon faifai ne mai juyawa na terabait ɗaya, wanda Windows ta bari da yanki guda na NTFS, akwai takardu da hotuna kusan gigabait 300 a ciki, kuma ba a so a rasa ko ɗaya. Tsarin da na zana a takarda kafin in taɓa komai shi ne: a kan NVMe, yanki na farko megabait 512 na FAT32 don UEFI, manhajar allon kwamfuta da ke fara tayar da ita, na biyu gigabait ɗaya na ext4 don `/boot`, ragowar a bai wa LVM, tsarin da ke rarraba yanki ɗaya zuwa sassan da ake iya canza girmansu. A kan tsohon faifan kuwa a matse NTFS, gurbin da ya samu a mai da shi XFS don ajiyar manyan fayiloli.

Filashin da na tayar da kwamfutar da shi ƙaramin Debian ne da aka haɗa da hannu, babu allon hotuna babu linzami, allon umarni kawai, kuma da `debootstrap`, manhajar da ke zuba ainihin Debian cikin wani kundi, za a yi girkin. Irin wannan filashi yana da sauƙin ɗauka da saurin tashi, amma duk abin da aka rage masa sai an biya kuɗinsa a gaba.

Umarnin farko, `sgdisk`, ya dawo da "command not found". Na gwada `mkfs.ext4`, shi ma haka. A nan ne ya kamata mutum ya dakata, domin wannan saƙo ɗaya yana da dalilai biyu da ba su da alaƙa. Ko dai manhajar ba ta nan sam, ko tana nan amma ba a duba inda take ba. Kayan fomatin duka suna zaune ne a `/usr/sbin`, kuma tun daga Debian 10 ta 2019, idan ka rubuta `su` zalla ba tare da ɗan layi ba, za ka zama root, mai cikakken iko, amma da `PATH` ɗin mai amfani na yau da kullum, wato jerin wuraren da ake neman umarni, wanda babu `/usr/sbin` a cikinsa. Na fita, na sake shiga da `su -`, sai ga `mkfs.ext4` ya amsa. `sgdisk` kuwa bai amsa ba, don shi da gaske babu shi, yana cikin ƙunshin `gdisk` wanda ba a saka ba.

Hanya mafi sauri ta sanin abin da ke hannunka ita ce `ls /usr/sbin/mkfs.*`. Nawa ya nuna ext2 da ext3 da ext4, sai wasu tsofaffi irin su minix da ba wanda zai girka komai a kansu yau. Babu `mkfs.fat`, babu `mkfs.xfs`. `pvcreate` babu, `ntfsresize` babu. Wato cikin ayyuka biyar da na tsara, ɗaya kawai zan iya.

Yankan kansa bai tsaya ba, domin akwai `sfdisk`. Na ba shi layi huɗu: `label: gpt`, sai `size=512MiB, type=U`, sai `size=1GiB, type=L`, sai `type=V` don ya cinye ragowar. U na nufin yankin EFI, L na Linux, V na LVM. Cikin ƙiftawar ido yankuna uku suka fito a `lsblk`. Amma da na ƙara `-f`, gurbin da ke nuna irin tsarin fayil ɗin kowane yanki fayau yake, ba komai.

Wannan shi ne abin da ke rikita mutane da yawa, kuma shi ne tushen matsalar gaba ɗaya. Yanka faifai da yi masa fomatin aiki biyu ne, manhajoji daban ke yin su. Mai yanka yana rubuta ɗan jadawali ne a farkon faifai: yanki kaza ya fara daga sekta kaza ya ƙare a sekta kaza, ga lambar da ke nuna abin da aka nufa da shi. Lambar nan kamar allon da ake kafawa a fili ne a rubuta “shago”, alhali ko tubali ɗaya ba a ajiye ba. Yankin EFI, misali, lambarsa tana farawa da C12A7328, a `gdisk` kuma ana taƙaita ta da EF00. Samun wannan lamba bai sa FAT32 ya kasance a ciki ba. Har `parted`, wanda a da yake iya yin fomatin da kansa, an cire masa wannan aiki tun sigarsa ta 3.0 a 2011. Yau in ka rubuta masa `mkpart` ka ƙara da `fat32`, lamba kawai zai manna. Akwai tsofaffin bayanai a intanet da har yanzu suke koyar da `mkpartfs`, wanda babu shi kuma.

Shi ma `mkfs` ɗin ba ya yin komai da kansa. Ɗan aike ne. In ka ce `mkfs -t xfs`, zai je ya nemo wata manhaja mai suna `mkfs.xfs` ya miƙa mata aikin. In babu ita, ya dawo maka hannu rabbana.

Abin da ya fi ruɗarwa shi ne kanel, wato zuciyar Linux, ya san waɗannan tsare-tsare sarai. Na rubuta `modprobe xfs`, na duba `/proc/filesystems`, ga xfs nan, ga vfat nan. Da za a kawo faifan da aka riga aka yi wa XFS, zai jona shi ya karanta ya rubuta ba gardama. Kanel yana zama ne a gidan da aka gina, ba ya gini kuma ba ya gyara. Ƙirƙira, matsewa, faɗaɗawa da gyaran ɓarna duk aikin wasu manhajoji ne na waje, kowane tsari da ƙunshinsa: ext4 `e2fsprogs`, FAT `dosfstools`, XFS `xfsprogs`, Btrfs `btrfs-progs`, exFAT `exfatprogs`, F2FS `f2fs-tools`, NTFS kuma `ntfs-3g`. Ko da aka shigar da sabon direban NTFS cikin kanel na 5.15 a 2021, bai zo da mai matse yanki ba, `ntfsresize` yana nan inda yake a `ntfs-3g`.

Sai neman intanet. Babu wayar sadarwa kusa da teburin, kwamfutar kuma ba ta da Wi-Fi. Na jona wayar Android da kebul na USB, na kunna raba data ta kebul, `ip link` ya nuna sabon suna mai farawa da `enx`, na ba shi `dhclient`, adireshi ya zo. `apt update` ya ƙi, yana cewa fayil ɗin Release bai kai lokacin fara aiki ba. Ba laifin madubin Debian ba ne: ɗan batirin da ke kan allon kwamfutar ya mutu, agogo ya koma shekarun baya, don haka a wurin `apt` fayil ɗin daga gobe ya zo. `date -s` da kwanan wata na gaskiya ya warware shi. Batirin CR2032 ne, a canza shi kafin a rufe akwatin, in ba haka ba za a sake haɗuwa da wannan a sabon tsarin.

Daga nan layi ɗaya ne: `apt install --no-install-recommends dosfstools xfsprogs lvm2 ntfs-3g gdisk`. Ƙarin nan na tsakiya yana hana jawo tarkacen da ba a nema ba, yana rage cin data, yana kuma rage cin RAM, domin duk abin da aka girka a filashi mai rai, wato wanda kwamfuta ke gudana kai tsaye daga kansa, cikin RAM yake zama. Da zarar an kashe kwamfutar ya tafi. Wannan zai dawo mini anjima.

In babu intanet ko kaɗan, sai a bi ta wata kwamfutar mai Debian iri ɗaya, a yi `apt download` a kwafo fayilolin `.deb` a wani filashi. `dosfstools` ba shi da wahala, kusan ba ya dogara da komai sai babban laburaren C. `xfsprogs` kuwa yana da 'yan rakiya, daga ciki akwai `libinih1` da `liburcu8`, in ka manta su `mkfs.xfs` zai girku amma ba zai tashi ba. `ldd /usr/sbin/mkfs.xfs` zai nuna maka wanda ya ɓace. In `dpkg -i` ya dame ka da ƙorafin dogaro, `dpkg-deb -x` yana warware ƙunshin cikin wani kundi, ka kira manhajar daga can kai tsaye. Sharaɗin dai a ɗauko daga siga ɗaya da ta filashin. Ƙunshin sabuwar siga yakan nemi sabon laburaren C, ya ƙi tashi a tsohuwa.

Yankin EFI na fara yi: `mkfs.fat -F 32 -n EFI /dev/nvme0n1p1`. Kada a bar `-F 32`. In ba a faɗa ba, manhajar ce ke zaɓa gwargwadon girman yanki, a ƙaramin yanki kuma FAT16 za ta zaɓa, akwai allunan kwamfuta da ba sa son haka a faifan ciki. FAT32 yana buƙatar aƙalla gungu 65,525 kafin ya amsa sunansa. A faifai mai sekta ta bait 512 wannan bai wuce megabait talatin da 'yan kai ba, amma a faifan da sektarsa ta asali bait 4096 ce lissafin yana kai wa megabait 256, shi ya sa Microsoft ta taɓa cewa 260 ga irin waɗannan faifai. Da yanki mai megabait 512 an tsallake duka biyun.

`/boot` ya samu `mkfs.ext4`. A nan akwai wani nau'in rashin kayan aiki da ya fi na farko mugunta, domin manhajar tana nan, sigarta ce ba ta dace ba. `e2fsprogs` 1.47.0 da ya fito a Fabrairun 2023 ya fara kunna wasu abubuwa biyu kai tsaye, `orphan_file` da `metadata_csum_seed`. GRUB 2.06 na asali, manhajar da ke ɗauko kanel lokacin tashi, bai san na biyun ba, sai ya ce bai gane tsarin fayil ɗin ba. Tsohon `e2fsck` kuma, irin 1.46 da ke cikin Debian 11 da Ubuntu 22.04, in ya ga na farkon sai ya tsaya yana kukan wani abu wai FEATURE_C12. Debian 12 ta kashe su biyun a nata saitin, don haka ni da filashina da abin da zan girka duk Debian 12 ne, ban shiga wannan ramin ba. Wanda ya yi fomatin da sabon filashin wata rarraba, sannan ya zuba tsohon tsari a kai, shi ne ke faɗawa. Maganin a lokacin fomatin ne: `-O ^orphan_file,^metadata_csum_seed`. Na duba nawa da `dumpe2fs -h` duk da haka, dubawa ba ta cin kuɗi. Ƙa'idar da nake bi ita ce, kayan fomatin kada su fi tsarin da zai zauna a kan faifan sabunta.

LVM bai ba da wahala ba. `pvcreate` a yanki na uku, `vgcreate vg0`, sai `lvcreate` sau uku: root gigabait 60, swap 8, home kuma `-l 90%FREE`, na bar ɗan sarari da gangan don ranar da root zai cika. ext4 a biyu, `mkswap` a ɗaya.

Tsohon faifan shi ne inda kuskure ke cin dukiya, don haka sai da aka kwafe muhimman takardun zuwa wani waje tukuna. `ntfsresize --info /dev/sda1` shi ne matakin farko, yana faɗin iyakar da za a iya matsewa. In Windows ta kwanta barci ne maimakon ta mutu, wanda saitin saurin tashi (Fast Startup) da ke kunne tun Windows 8 ke jawowa, manhajar za ta ƙi taɓa yankin, kuma gaskiyarta. Sai a koma Windows a kashe wannan saiti, a yi `chkdsk /f`, a rufe ta sosai. In kuma BitLocker ne a kai, babu abin da `ntfsresize` zai gani sai an warware shi daga can.

Nawa a tsabtace yake. Na gwada da `--no-action --size 500G`, ya ce zai yiwu, sannan na cire `--no-action` na yi na gaske. Ya ɗauki lokaci, faifai ne mai juyawa kuma sai an kwashe bayanan da ke can ƙarshe an dawo da su gaba. Ba lokacin da ake son a ɗauke wuta ba ne, kwamfutar na kan UPS kafin in fara.

Abu biyu ake kiyayewa a nan. Na ɗaya, `ntfsresize` yana matse abin da ke cikin yankin ne, ba ya taɓa iyakar yankin, wannan sai `sfdisk`. Na biyu, awonsu ba ɗaya ba ne. G a wurin `ntfsresize` bait biliyan ɗaya ne cif, GiB a wurin `sfdisk` kuwa 1,073,741,824 ne. Don haka 500G bai wuce GiB 466 ba. Wanda ya ruɗe ya yanka yankin ƙasa da abin da ke cikinsa ya datse wa NTFS wutsiya. Na ba yankin 470 don a samu rara: `echo ",470GiB" | sfdisk -N 1 /dev/sda`. Waƙafin da ke farko yana nufin a bar sektar farawa yadda take, in ta gusa ko da ɗaya ne, komai ya ɓace daga gani. Sai na sake kiran `ntfsresize -f /dev/sda1` ba tare da girma ba, ya faɗaɗa ya cike rarar. Ana buƙatar `-f` ɗin ne saboda matsewar farko ta yi wa yankin alamar a duba shi a tashin Windows na gaba.

Sabon yanki `sda2`, da na yanka a gurbin da matsewar ta bari, ya samu `mkfs.xfs`. Abin sani game da XFS kafin a zaɓe shi: ana faɗaɗa shi, amma matse shi ba abin dogaro ba ne, girman da ka ba shi ka ɗauka shi ke nan. Sababbin sigogin `xfsprogs` kuma ba sa yarda da yankin da bai kai megabait 300 ba. In ya tarar da sawun tsohon tsari a wurin zai ƙi, sai da `-f`, ko a fara share sawun da `wipefs -a`, bayan an karanta sunan yankin sau biyu.

Daga nan aka jona komai a `/mnt`, `debootstrap` ya zuba bookworm, wato Debian 12, na shiga sabon tsarin da `chroot`, na girka `linux-image-amd64` da `grub-efi-amd64`, na rubuta `fstab`, jerin yankunan da za a jona a kowane tashi, da lambobin UUID daga `blkid`, `grub-install`, `update-grub`, ba ƙorafi ko ɗaya. Na cire filashi na sake tayarwa.

GRUB ya fito, kanel ya tashi, allo ya yi shiru na ɗan lokaci, sai ga: "ALERT! /dev/mapper/vg0-root does not exist. Dropping to a shell!" da `(initramfs)` yana jira.

Dalilin a fili yake da zarar an tuna da RAM. `lvm2` da na girka, a filashi na girka shi. Sabon tsarin da ke kan NVMe bai taɓa ganinsa ba, `debootstrap` ba ya duba irin faifan da ka shirya balle ya kawo abin da ya dace da shi. GRUB ya iya ɗauko kanel domin `/boot` yanki ne na ext4 zalla. Amma ɗan ƙaramin tsarin farko da kanel ke buɗewa, wato initramfs, wanda aikinsa shi ne ya nemo root ya miƙa ragama, ba shi da manhajar da za ta tayar da `vg0`. Ga root ɗin nan lafiya lau a faifai, babu mai buɗe ƙofa. Wato kayan aikin nan sau biyu ake buƙatarsu: sau ɗaya a wurin da ake gini, sau ɗaya a cikin abin da aka gina. Mai girkawa na Debian na yau da kullum yana yin wannan lissafi a madadinka, in ka zaɓi LVM ko XFS zai saka ƙunshinsu a sabon tsarin. Mai girki da hannu shi ne mai lissafin kansa. Haka abin yake a Arch tun Oktoban 2019 da aka rage ƙunshin `base`: `lvm2` da `xfsprogs` sai ka rubuta su da kanka a `pacstrap`, kamar yadda ake yi wa `btrfs-progs` da `dosfstools`.

Gyaran ya buƙaci komawa filashi, kuma filashin ya manta komai. Waya, `dhclient`, agogo, `apt update`, `apt install lvm2`, duk daga farko. Sai `vgchange -ay` don kundayen LVM su bayyana, a jona root a `/mnt`, `/boot` da `/boot/efi` a ƙarƙashinsa, a ɗaura `/dev` da `/proc` da `/sys` da `mount --rbind`, a shiga `chroot`. Kada a manta jona `/boot` kafin wannan: in aka manta, sabon initramfs zai sauka a kundin da ke cikin root, GRUB kuma ya ci gaba da ɗauko tsohon, ka rasa dalilin da gyara bai kama ba. A ciki: `apt install lvm2 xfsprogs dosfstools ntfs-3g e2fsprogs`, sai `update-initramfs -u -k all`, sai tabbatarwa da `lsinitramfs /boot/initrd.img-* | grep lvm`. Da layukan suka fito na san an gama. Da tun farko na ƙara `--include=lvm2,xfsprogs,dosfstools,ntfs-3g` a layin `debootstrap`, da duk wannan zagaye bai taso ba. Wanda ya rufe faifansa da LUKS, tsarin kulle bayanai da kalmar sirri, yana da irin wannan tarko: `cryptsetup` kaɗai bai isa ba a Debian, sai da `cryptsetup-initramfs`.

Sauran ƙunshin ba su hana tashi, shi ya sa ake mantawa da su har ranar da za a neme su. Ba `xfsprogs`, yankin XFS zai jonu daidai, sai ranar da wuta ta ɗauke ana tsakiyar rubutu, ya ƙi jonuwa, ka nemi `xfs_repair` ka rasa. `fsck.xfs` kusan ba ya yin komai, shi ya sa lambar ƙarshe a layin XFS cikin `fstab` sifili ce, haka ma Btrfs. Na kuma sa wa layin tsohon faifan `nofail`, don ranar da ya mutu kada ya hana kwamfutar tashi. Ba `dosfstools`, systemd zai tsallake duba yankin EFI, FAT kuma ba shi da littafin tarihin rubutu irin na ext4, yankewar wuta ɗaya lokacin sabunta GRUB ta isa ta bar shi da datti. Inda wuta ke zuwa tana tafiya, wannan ƙaramin ƙunshi ya fi ƙarfin girmansa.

Masu amfani da manhajojin girki masu hoto suna haɗuwa da wannan matsala cikin wata riga. A GParted, zaɓin xfs ko ntfs yakan dushe ya ƙi dannuwa, ko alamar gargaɗi ta fito kusa da yanki. A menu na View akwai File System Support, jadawali ne da ke nuna abin da zai iya yi wa kowane tsari da sunan ƙunshin da ya rasa. Ga FAT yana son `dosfstools` da `mtools` duka biyu. Bayan an girka sai a sa ya sake dubawa ko a rufe shi a buɗe. A mai girkawa na Debian kuwa kayan suna zuwa ne a ƙananan ƙunshi masu ƙarewa da udeb. In RAM ta yi kaɗan yana shiga yanayin tsimi, ba ya loda su duka, sai ka isa wurin yanka ka tarar babu XFS ko Btrfs a jeri. Ana komawa baya zuwa matakin loda sassan mai girkawa a zaɓi `partman-xfs` ko `partman-btrfs`, ko a danna Alt+F2 a rubuta `anna-install` da sunan ƙunshin. Alt+F4 yana nuna abin da ke gudana a ɓoye, can ne ainihin saƙon kuskuren yake fitowa lokacin da allon gaba ya ce kawai ƙirƙirar tsarin fayil ta gaza.

A tashi na biyu kwamfutar ta wuce kai tsaye zuwa wurin shiga. `lsblk -f` ya nuna vfat, ext4, LVM2_member da kundayensa uku, ntfs, xfs, kowanne a mazauninsa. Yankin NTFS yana nan ɗauke da alamar dubawar da `ntfsresize` ya bari. `ntfsfix -d` yana iya goge alamar, amma goge alama ba dubawa ba ce, don haka faifan ya je wata kwamfuta mai Windows ya sha `chkdsk` tukuna, ya dawo, sannan aka sa shi a `fstab`.